Zama da murɗaɗɗiyar matakala a gidan Legas: awo, tsatsa, yara da hawa da kaya

A Legas fili shi ne kuɗi. Wanda ya samu rabin fuloti a Agege ko Idi-Araba, ko yake da gidan ƙasa a Mile 12 yana son ɗora ɗaki biyu a sama, abin da zai fara tsaya masa a rai shi ne inda matakala za ta zauna. Miƙaƙƙiyar matakala ta bene mai tsayin mita 3 tana cin kusan mita 4 a tsawo da mita 1 a faɗi, ban da wurin tsayawa sama da ƙasa. Murɗaɗɗiya kuwa, wadda ke nannaɗe jikin ginshiƙi ɗaya kamar katantanwa, fili mai mita 1.6 kowane gefe ya ishe ta. Shi ya sa ake ganinta a bayan gidaje tana hawa ɗakin samari, ko wajen tankin ruwa, ko a kusurwar falo.

Sai dai filin da ta bar maka, a ƙafafun mutanen gida take karɓar kuɗinsa kullum. Shawararmu ita ce ta zama hanya ta biyu, ko hanyar ɗakin da manya masu lafiya ke amfani da shi. Idan dole ce ta sa ita kaɗai za ta kai ɗakunan kwana, to kada a yi rowar awo ko kaɗan.

Awo tun kafin a yanka ƙarfe

Fara da faɗinta gaba ɗaya, daga gefe zuwa gefe. Mita 1.5, wato kusan ƙafa 5, shi ne mafi ƙanƙanta da ya dace da hawan yau da kullum. Idan ka cire ginshiƙin tsakiya da mariƙin hannu, abin da ya rage wa jikin mutum bai wuce santimita 65 zuwa 67 ba. Ƙa'idar ginin gidaje ta Amurka ma inci 26, kimanin santimita 66, ta ajiye a matsayin mafi ƙaranci. Masu walda da yawa sun fi son yin mai mita 1.2 saboda tana cin ƙarfe kaɗan, amma wannan hanyarta kusan santimita 50 ce, mai jiki sai ya karkace, mai riƙe da tire sai ya ɗaga shi sama da kai. Ta dace da hawa wajen tanki kawai. Idan akwai fili a yi mai mita 1.8, bambancin yana da yawa.

Sai tsayi. A auna daga saman tayil na ƙasa zuwa saman tayil na bene, ba zuwa silin ba. Idan ba a sa tayil ba tukuna, a ƙara kaurinsa da na simintin da zai zauna a kai. Nan ne ake yawan kuskure: a kafa matakala a kan ɗanyen daɓe, daga baya mai tayil ya ɗaga ƙasa da santimita 4 ko 5, sai matakin farko ya zama gajere, na ƙarshe ya yi tsawo. Ƙafa tana haddace tazarar matakai tun daga na biyu ko na uku, kuma matakin da ya saɓa wa 'yan'uwansa shi ke kayar da mutum. Bambanci tsakanin mataki da mataki kada ya kai santimita 1.

A ɗauka tsayin ya kama santimita 300. Raba shi 14, kowane tashi, wato tsayin da ke tsakanin mataki da na samansa, zai zama santimita 21.4. Matakai 13 ke nan, na 14 shi ne dandamalin sama, wato wurin tsayawa idan an kai bene. Kada tashin ya wuce santimita 24, kuma tsakanin 20 da 22 ya fi daɗin gwiwa. Idan kowane mataki ya ci digiri 30, matakai 12 ne ke cika zagaye ɗaya.

Yanzu abin da ba a cika lissafawa ba, wato sararin kai. Dandamalin sama yana rufe wasu matakan ƙasa. Idan ya ci rubu'in da'ira, matakin da ya fi kusa da shi daga ƙasa tashi 10 ne tsakaninsu. A misalinmu santimita 214 ke nan, a cire kaurin dandamali, a samu wajen 207. Ya yi. Amma da an raba tsayin 15 don tashin ya zama santimita 20, abin da zai rage bai kai mita 2 ba, dogon mutum mai hula zai riƙa sunkuyawa duk hawa. Idan haka ta kama, a rage dandamalin zuwa digiri 60, a samu ƙarin tashi ɗaya. Sararin kai kada ya gaza mita 2.

Kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami, a zana da'irar a ƙasa da alli, a raba ta 12, a ƙirga daga inda ake son fita a sama a dawo baya, a ga inda matakin farko zai faɗo. Sau da yawa sai a tarar yana fuskantar bango ko bayan ƙofa. Gyaran alli kyauta ne. Idan wurin ya ba da zaɓi, a sa ta murɗa yadda mariƙi zai kasance a hannun dama lokacin sauka, domin a sauka aka fi faɗuwa.

Ramin da za ta bi ta dekin ya fi faɗinta da santimita 10, biyar kowane gefe, don kada yatsu su goge kankare. Idan gidan an riga an zuba dekin, kada kowa ya sa guduma sai injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya duba. Rodin da ke cikin dekin shi ke ɗauke da nauyi, in an yanke shi sai an tallafi bakin ramin da bim, wato gungumen kankare ko ƙarfe mai ɗaukar nauyi. Irin wannan canji ya shafi ƙashin ginin, saboda haka a nemi izinin LASPPPA, hukumar da ke ba da izinin gini a jihar, kuma LASBCA, hukumar jihar mai kula da ingancin gine-gine, ce ke sa ido kan aikin. A garin da rushewar gini ba baƙon labari ba ne, wannan ba wurin yanke hanya ba ne.

Ƙarfe da iskar teku

Iskar Legas a jiƙe take kusan duk shekara, kuma a Apapa, Obalende, Lekki da Ajah tana ɗauke da gishiri. Ƙarfen da zai yi shekaru a Kano da fenti ɗaya, a nan damina biyu ta isa ta nuna masa iyakarsa. Don haka kauri da rufi su ne komai.

Ginshiƙin tsakiya ya zama bututu mai inci 4, kaurin jikinsa milimita 4 zuwa 5. Matakai a yi su da farantin ƙarfe mai ƙuraje, milimita 4 ko sama, a lanƙwasa bakinsa ƙasa ko a sa masa ƙarfen kwana don kada ya lotsa. Farantin gindi milimita 10, da ƙusoshi huɗu masu kaurin milimita 12 da za su shiga kankare. Wanda zai sayi ƙarfe da kansa, a Owode Onirin ko wata kasuwa, ya tafi da ma'aunin kauri ya auna a gaban mai kaya, domin ido ba ya raba milimita 3 da 4.

Matakalar waje kuwa, abin da ya fi shi ne a gama walda sannan a kai ta a tsoma a narkakkiyar tutiya. Idan an yi walda bayan haka, wuta ta ƙone rufin wurin, sai an shafa fenti mai tutiya a kan kowane ɗinki. Idan aljihu bai kai ba, a gurje ƙarfen har ya yi haske, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu, sannan fentin mai sau biyu, ana barin kowane shafi ya bushe. Mai son mariƙin sitenles, ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya saurin tsatsa, ya tambayi lambarsa. Mai lamba 201 ya fi araha amma yana fitar da ɗigon tsatsa kusa da teku. 304 ya isa cikin gida, 316 shi ne na waje a unguwannin bakin ruwa.

Abu biyu ƙanana ne ke ceton ginshiƙi: a toshe kansa da murfi don kada ruwan sama ya shiga, a huda ƙaramin rami a gindinsa don raɓar da ta taru ciki ta fita. Bututun da ruwa ya kwanta a cikinsa daga ciki yake ruɓewa, fentin waje yana ƙyalli. Matakan waje kuma a yi wa kowanne huji biyu ko uku a inda ruwa ke taruwa.

Idan za a ɗora katako a kan matakan cikin gida, loko ko maɗaci busasshe mai kaurin santimita 3 zuwa 4 ya dace. Ɗanyen katako yana kantarewa cikin 'yan watanni, ya saki ƙusa. Tayil mai sheƙi kuwa a guje shi kwata-kwata a kan matakala.

Wajen kafawa, a fara tsayar da ginshiƙi a duba shi da ma'aunin ruwa na magina ta gefe biyu. A waje ya zauna kan tubalin kankare da aka tona masa rami, ya ɗan ɗara ƙasa don ambaliya kada ta riƙa kwanciya a gindinsa. Sai a ɗaure dandamalin sama da dekin a wuri biyu aƙalla, sannan a jera matakai, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a hau a gwada, kafin a ɗinke gaba ɗaya. Kowane mataki a haɗa bakinsa na waje da na samansa ta hanyar sandar tsaye, ita ce ke sa su ɗauki nauyi tare. Mariƙi ya yi tsayin santimita 90 zuwa 95 daga bakin mataki, ya tafi a haɗe tun daga ƙasa har sama ba yankewa, shingen bakin ramin a sama kuma ya kai mita 1 ko ya ɗara. A ƙarshe a bi duk ɗinkin walda da tafin hannu. Inda ya karce ka, zai yaga zani ko ya yanki yaro.

Hawa da sauka

Mataki a nan kamar yankan kankana yake. A matakala mai mita 1.5, kusa da ginshiƙi zurfinsa bai wuce santimita 5 ba, a tsakiya kusan 20, a bakin waje ya haura 35. Ke nan wurin taka ƙafa shi ne gefen waje, kusa da mariƙi. Baƙo yakan rungumi ginshiƙi don yana ganin ya fi aminci, alhali nan ne ƙafa ba ta da wurin zama. A faɗa wa duk wanda zai hau karo na farko. Wajen sauka a ɗan karkata ƙafa zuwa waje don dukan tafinta ya zauna, hannu ɗaya kullum a kan mariƙi. Mutum biyu ba sa giftawa, na ƙasa ya jira na sama.

Suturarmu tana buƙatar kulawa ta musamman. Babbar riga, doguwar abaya, hijabi mai jan ƙasa da zani duk suna sauka kan matakin da ƙafa za ta taka. A tattare su da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe mariƙi, wanda ke nufin babu hannun ɗaukar kaya. Jakar rataye ko kwando mai igiya da za a zura daga sama yana magance wannan. Jiƙaƙƙen silifas bayan alwala a kan ƙarfe santsi ne zalla, haka safa a kan katako mai sheƙi. A manna tef mai kaushi, faɗin santimita 5, a bakin kowane mataki, mai launin da ya bambanta da na matakin don ido ya ga iyaka. A ajiye abin goge ƙafa sama da ƙasa.

Akwai kuma maganar sutura ta wani gefen. Yawancin irin wannan matakala a buɗe take tsakanin mataki da mataki, wanda ke zaune a falo yana ganin mai hawa daga ƙasa. A gidan da baƙi maza ke shiga, wannan takura ce ga matan gida, ko ba su faɗa ba. A rufe tsakanin matakan da siririn faranti ko katako tun wajen ƙira, ko a kauce wa kafa ta a falon baƙi.

Haske ya zama mai makunni biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tunda ɗauke wuta ba ya sallama, a rataye fitila mai caji wadda ke kama kanta idan wuta ta tafi, a inda za ta haska matakan ba idon mai sauka ba. Mai gyaran wuta ya haɗa jikin matakalar da wayar da ke sauke wuta ƙasa, kuma kada a taɓa nannaɗe wayar janareta a jikin mariƙi. Waya ɗaya da ta ɗaye ta isa ta sa wuta a dukan ƙarfen.

Yara, tsofaffi da marar lafiya

Tazarar da ke tsakanin sandunan tsaye kada ta kai santimita 10, haka ramin da ke tsakanin matakai. Dalilin shi ne jikin ƙaramin yaro yana iya zurarewa ta inda kansa ba zai wuce ba, ya rataye. A gwada da ƙwallo ko gwangwani mai faɗin santimita 10, in ya wuce a ƙara sanda. Sandunan kwance masu kyan gani tsani ne a wurin yaro, a tsaye za a yi su. A sa ƙofa mai sakata sama da ƙasa, ta sama ta buɗe zuwa cikin ɗaki, ba kan matakai ba, kuma a ɗaure ta da ƙusa. Irin wadda ake tokarewa kawai tana ficewa idan yaro ya jingina.

Uwa mai goyo ta tuna kan jaririn yana leƙowa gefe, kuma a kowace juyawa yana kusantar ginshiƙi ko gefen matakin sama. Ta sa hannu ta tare kan, ta hau a hankali, ba tare da wani kaya ba.

Mai tsohon ciki, mai jego, tsoho mai ciwon gwiwa, mai hawan jini da jiri ke ɗiba, duk ɗakinsu a ƙasa ya kamata ya kasance, da banɗaki kusa. Wannan a tsara shi tun ana zanen gida, don Baba ko Hajiya za su zo daga Arewa ganin likita wata rana. Akwai abin da ba a son ambata amma dole ne: mutum biyu ba za su iya saukar da wanda ya suma ta wannan hanya a kwance ba, makara ma ba ta juyawa a cikinta. Wanda rashin lafiyarsa ta fara tsanani a sauko da shi tun yana iya taka ƙafarsa.

Kaya, musamman ranar jere

Katifa mai ƙafa 6 kowane gefe, in ta soso ce, ana iya naɗe ta a ɗaure da igiya a wuri uku a hau da ita a tsaye. Mai sifirin ko mai tauri ta masu ciwon baya ba ta lanƙwasuwa, ba za ta bi ba. Haka firij babba, kujera mai cin mutum uku da wadirof da aka riga aka harhaɗa. Dangin amarya su zo su ga matakalar kafin a ba kafinta aiki, a ce masa gado da wadirof a yi su masu kwancewa, ya haɗa su a sama.

Sauran kaya ta baranda za su bi. Tun ana gini a bar ƙofar baranda mai faɗin mita 1 ko fiye, a yi wani ɓangare na shingenta da noti yadda za a iya kwance shi, a dasa ƙugiya mai ƙarfi a cikin bim na sama. Ranar ɗagawa a yi amfani da igiya biyu, ɗaya ta ja, ɗaya a hannun na ƙasa yana nisanta kayan daga bango, kuma kowa ya kauce daga ƙarƙashi. A duba wayoyin lantarki da ke gaban gidan kafin a fara. Firij da aka kwantar a bar shi a tsaye wasu awanni kafin a kunna.

Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne a hannu ɗaya, tana jan mutum gefe a kan matakin da dama bai da faɗi, ga ɗigon da take bari. Idan famfo bai kai sama ba, jan bututu ɗaya ya fi kowace dabara.

Gobara

Ramin matakala bututun hayaƙi ne. Wuta in ta tashi a ƙasa, hayaƙi ta nan zai hau, ta hanyar da mutanen sama za su sauko. Saboda haka ƙarƙashinta ba ma'ajiyar tukunyar gas ba ce, ko jarkar fetur, ko janareta, duk da wurin yana kama da an yi shi don haka. A sa na'urar jin hayaƙi a silin ɗin da ke saman ramin. A bene a bar taga ɗaya aƙalla wadda ƙarfenta ke buɗewa, makullin a rataye kusa inda kowa ya sani. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767. Ƙofa a bakin sama tana rage hayaƙi, tana kuma hana ƙamshin girki da zafi hawa, da sanyin na'urar sanyaya ɗaki zubowa ƙasa.

Idan ta fara girgiza, ƙara ko tsatsa

Ɗan motsi kaɗan ɗabi'ar matakalar ƙarfe ce, amma wanda ke ƙaruwa alama ce. A sa mutum ya hau, wani ya tsaya yana kallo. Idan gindi ke motsi, notin ƙasa ya saki ko kankaren ya fashe. Idan sama ce, ɗaurin dandamali ne. Idan tsakiya ke lilo, bututun siriri ne, sai a ɗaure matakalar da bango mafi kusa da ƙarfe ɗaya a rabin tsayinta. Mataki ɗaya da ke lotsawa kuwa, a kankare fentin inda ya haɗu da ginshiƙi a duba. Siririn layin tsatsa a kan ɗinki yana nufin walda ta tsage, a daina hawa sai an gyara.

Ƙarar ƙarfe da ke tada na barci tana raguwa idan an shimfiɗa roba ko katako a kan matakai, da siririyar roba tsakanin katakon da ƙarfen. Wadda aka haɗa da noti a bi ta da sifana bayan watan farko, sannan sau biyu a shekara.

Fenti lokacin rani ake yi, daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin ruwan da ke ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli. A duba ƙarƙashin matakai da gindin ginshiƙi, nan tsatsa ke farawa inda ido ba ya kaiwa. A kankare da buroshin waya da samfefa har ƙarfe ya fito fari. Fenti a kan tsatsa rufa-rufa ce, tana ci gaba da cinta a ƙasa. Kusa da teku a riƙa wanke ta da ruwan daɗi duk wata don gishiri ya sauka, da damina kuma a goge gansakukar da ke fitowa a matakan da rana ba ta kaiwa.

Mai neman haya da ejan ya kai shi gida mai irin wannan matakala, ya hau ya sauka sau biyu, ya kama mariƙi ya jijjiga da ƙarfi, ya ƙwanƙwasa gindin ginshiƙi da makulli ya ji ko ɓawon tsatsa na zubowa, ya auna hanyar da tef ya kwatanta da faɗin firij ɗinsa. Duk gyaran da ya gani, a rubuta a takardar yarjejeniya cewa mai gida zai yi shi kafin a biya kuɗin shekara.